Shingen Magarya: Daga Ƙwallo Har Ya Tare Akuya

Duk wanda ya taɓa yin lambun rani a bakin fadama ya san wahalar shinge. Da an gama girbi sai ka saɓa gatari da gwafa ka shiga daji saran ƙaya, ka jawo ta a amalanke ko a ka, ka kafa, hannuwa duk sun sha yaguwa. Kafin damina ta zagayo gara ta ci rabi, masu neman itacen girki sun zare sauran. Baɗi a sake sabon lale. Darnin kara bai fi haka kwana ba. Waya kuwa kuɗinta ya fi ƙarfin mai ƙaramin lambu, in ma ka daure ka saya, ka sayo wa kanka aikin gadi. Dajin da ake saro ƙayar shi ma kullum ƙara nisa yake yi.

Abin da zai raba mutum da wannan wahala yana tsaye a bakin gonakinmu, kullum muna wuce shi, wani lokaci ma mu sare shi wajen sassabe. Magarya ce. In aka jera ta aka rene ta yadda ya kamata, cikin shekara uku zuwa huɗu za ta zama katangar da ko ɗan bunsurun da ya fi kowa ƙiriniya ba zai ratsa ba. Ga fure ga ƙudan zuma a ƙarshen damina, ga 'ya'ya ga yara da tsuntsaye cikin hunturu, ga ganye ga dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare. Kuma ba baƙuwa ba ce da za a yi ta lallashi. Mutanen da ke da gari sukutum mai suna Magarya a jihar Damagaram, waɗanda ke wankan gawa da ganyenta, waɗanda malamansu in za su faɗi sunan bishiyar nan ta can ƙarshen sammai sai su ce magaryar tuƙewa, ba sa bukatar a gabatar musu da ita. Abin da ba mu saba ba shi ne dasa ta da gangan.

A fara da tabbatar da cewa ita ɗin ce, domin su uku ne 'yan gida ɗaya: magarya, kurna da magaryar kura. Juya ganyen ka duba bayansa. Na magarya samansa kore ne mai sheƙi, bayansa fari-fari mai laushin gashi kamar an barbaɗa masa gari, na kurna kuwa ba shi da wannan. Kurna babbar bishiya take son zama. Magaryar kura tana yin shinge mai kyau ƙwarai, sai dai 'ya'yanta ba abin marmari ba ne. Tamu, wadda masana ke kira Ziziphus mauritiana, ita ce ta haɗa biyun: ga kariya ga abin lasa. Dubi ƙayarta da kyau. A gindin kowane ganye guda biyu ne, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya. Ta farko ta soke ka, ta biyu ta riƙe ka ka yi bayani.

Maganar iyaka

Kafin ka taɓa ƙasa, ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. A wajenmu dasa itace shaidar mallaka ce, shi ya sa iyayenmu ke kafa gamba ko aguwa ko bini-da-zugu a kan iyaka. Gonar aro, ko ta haya, ko ta jingina, ba a yi mata shingen rai sai da yardar mai ita, kuma gara a yi maganar a gaban mai unguwa. In taka ce ta gado ko ta saye, kira wanda kuka yi iyaka da shi ku taka layin tare, sannan ka ja baya kamu biyu zuwa cikin naka. Magarya tana buɗewa, saiwarta tana tafiya, in ka dasa ta daidai kan iyaka rabin inuwarta da ƙayarta a gonar wani za su sauka. In kuwa gefenka burtali ne, kada ka ci ko taƙi ɗaya daga cikinsa. Shingen da ya matse hanyar shanu rigima yake haifarwa.

Ƙasa ba ta da zaɓe sosai. Jigawa, fako, mai tsakuwa, gefen fadama, duk tana yi, har a inda ruwan shekara bai wuce milimita 300 zuwa 500 ba, irin na Tawa, Maraɗi da Damagaram. Abin da ƙaramar magarya ba ta so shi ne ruwa ya kwanta mata a gindi kwana da kwanaki. In wurin yana riƙe ruwa, tayar da kunya ka dasa a kanta.

Iri da reno

Iri ba saye ake yi ba. Cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ka zaga kana ɗanɗanawa. Magarya suna ta tara: wata zaƙi, wata tsami, wata ƙwallo ne kawai da fata. Wadda ka ga tana cika da 'ya'ya masu tsoka, ba tsutsa, ita za ka tsinci nunannunta da suka yi ja. Ɗebo daga uwaye da yawa, kada ka tsaya kan guda, domin magarya ta fi ɗaure 'ya'ya in tana kusa da wadda ba jininsu ɗaya ba. Jiƙa su, ka murje tsokar, ka shanya ƙwallayen a inuwa, ka ajiye. Ƙwallon da ya huta wata biyu ko uku ya fi sabon tsinka saurin tsira.

Ga inda mutane da yawa ke karaya. Ƙwallon magarya tauri gare shi kamar tsakuwa, in ka binne shi haka nan sai ya yi wata guda ko fiye bai motsa ba, wani ma sai baɗi. Dabarar ita ce a fasa shi. Ɗora shi kan dutse, ka riƙe da filaya, ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, bugun da zai tsaga shi ba wanda zai niƙe shi ba. A ciki za ka tarar da ƙwaya ɗaya ko biyu, masu launin ƙasa da sheƙi, ba su kai ƙwayar kankana ba. Goman farko duk za ka murƙushe su, kada ka damu, hannu zai faɗa. Aikin hira ne, na zaman yamma a ƙofar gida. Ƙwayar da aka fitar ta kwana ɗaya a ruwa, wadda ta taso sama a zubar da ita, fanko ce. Sauran cikin mako guda zuwa kwana goma za ka ga sun ɗago kai. Amma kada ka fasa sai shuka ta matso, don ƙwayar da ta rabu da kwansonta ba ta jimirin ajiya.

Yi lissafi tun yanzu. Tsakanin dashe da dashe kamu ɗaya ne, wato rabin mita. Lambun da kowane gefensa mita 25 ne, kewayensa mita 100 ke nan: dashe 200 in layi ɗaya za ka yi, 400 in layi biyu. Ni layi biyu nake ba da shawara a duk inda awaki ke yawo. Ka kuma rena ƙarin kamar ɗari don cike gurbin waɗanda za su mutu, domin za su mutu, wannan ba makawa.

Reno a watan Maris ko Afrilu ake fara shi, wata uku kafin dashe. Baƙar ledar reno mai tsawo ta fi, amma ledar fiya-wata ma tana yi in ba wata, sai dai gajarta ce matsalarta. Awo biyu na ƙasa mai yashi, awo ɗaya na ruɓaɓɓen taki, a cuɗa, a cika, a huda gindin ledar. Ƙwaya biyu a kowace, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Jera su a inuwar da ba ta da duhu, ban ruwa safe da yamma, in duka biyun sun fito ka bar mai ƙarfin. Sai abu guda da ba a wasa da shi: saiwa. Magarya ƙasa take fara nufa kafin sama. Tun tana da ganye huɗu saiwarta ta kai gindin leda tana neman hanyar fita, in ka bar ta za ta huda ta kama ƙasa, ranar dashe ka tumɓuke ta, dashen ya yi yaushi ya tafi. Saboda haka duk mako biyu ka ɗaga kowace leda, ka datse abin da ya leƙo da reza, ka sauya mata wurin zama. Saura mako biyu a dasa, ka rage ruwa ka janye inuwa, su fara sanin duniyar da za su shiga.

Wanda ba shi da ruwan reno zai iya shuka kai tsaye in damina ta zauna, ƙwaya uku a rami. Wannan yana da nasa amfanin, tunda saiwar ba wanda ya taɓa ta, takan nutsa da kyau. Sai dai kurege da ɓera da fara duk suna da rabo a ciki, ciyawa kuma takan shaƙe tsiron in ba a yi masa noma sau biyu ko uku ba.

Dashe

Tun cikin bazara ka ja igiya ka haƙa kwari mai faɗin kamu ɗaya da rabi, zurfin kusan kamu, ko kuma ramuka ɗai-ɗai in ƙarfi bai kai ba. A fako sai da diga. Zuba ruɓaɓɓen taki ka haɗa da ƙasar sama ka mayar. Na ce ruɓaɓɓe, domin ɗanyen taki goron gayyata ne ga gara. In wurin gangare ne, yi ɗan tudu ta ƙasan layin, irin rabin watan nan da manoman Nijar suka ƙware a kai, don ruwan da ke gudu ya tsaya ya sha.

Ranar dashe ita ce yammacin da aka yi ruwa mai jiƙa ƙasa sosai, bayan damina ta zauna, wato daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Kada ka jira markar Agusta. Kowane makon damina da dashen ya rasa, a Afrilu zai biya shi. Tsaga ledar ka cire ta gaba ɗaya, kada dunƙulen ƙasar ya fashe, ka sa shi daidai zurfin da yake a leda, ka danne da dunduniya. Layi na biyu kada ya tsaya saitin na farko. Kowane dashe ya zauna a tsakanin biyun da ke gabansa, su uku su zama kamar duwatsun murhu. Bayan mako biyu ka bi layin ka cike gurabu.

Masu gauraya suna da gaskiyarsu. Cibiyar binciken itatuwan gona ta ICRAF ta yaɗa shingen rai a yankin Segu na ƙasar Mali tun shekarun 1990, kuma magarya ta haɗa da bagaruwa, dakwara, jirga da lalle. Kowanne da abin da yake kawowa: bagaruwa ga majema, dakwara ga masu ƙaro, lalle ga mata. In shingen gida ne da yara ke wasa kusa da shi, ina ganin ya fi a sa lalle a layin ciki, magarya ta tsaya ta waje.

Kada ka yi zaton ka rabu da saran ƙaya daga yau. Shekara biyu na farko shingen rai jariri ne, sai busasshiyar ƙaya ta goya shi. Ganyen ƙaramar magarya a wurin akuya kamar tsire ne, ƙayarta kuma lokacin ba ta yi ƙwari ba. Kafa tsohon shingenka ta waje, kamu ɗaya ko biyu daga dashen. A ranin farko, in da hali, ba su ruwa sau ɗaya a mako ko duk kwana goma, ruwa mai yawa a lokaci guda, ba yayyafi kullum ba, don saiwar ta bi shi ƙasa. Rufe gindin da ganyen darbejiya, ka barbaɗa toka in ka ga gara ta fara gini. In ka ga dashe ya zubar da ganye cikin zafin Afrilu kada ka yi saurin yi masa ta'aziyya. Kankare ɓawon da farce: in kore ne a ciki, barci yake yi.

Yankan da ke yin shinge

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na yi tawa asarar. Shingena na farko ya kama da kyau, a damina ta biyu wasu sun kai ƙirjina. Na ji tausayinsu, na kasa sa musu adda. A shekara ta uku ina da jerin bishiyoyi masu ban sha'awa, sama ta haɗe, ƙasa kuwa ƙofofi ne a jere. Awaki suka riƙa shiga cin latas ɗina ba tare da ko sun sunkuya ba. Akuya ba ta cika tsallake shinge ba, ta ƙasa take bi. Duk wanda ya riƙe wannan ya gama fahimtar sana'ar.

Saboda haka gab da faɗuwar damina ta biyu, a watan Mayu ko farkon Yuni, ka wasa adda ko ka samo almakashin lambu, ka bi layin ka datse kowane dashe ƙasa da gwiwa, kamar taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa. Zuciya za ta yi maka ciwo, maƙwabta za su ce ka haukace. Amma magarya itace ce da sara ke ƙara wa ƙarfi. Wannan halin nata ne ma ya sa take cikin itatuwan da ke farfaɗowa daga kututture a sassaben zamani, dabarar nan da Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi a 1983. Inda ka yanke kai ɗaya, huɗu ko biyar za su fito, kuma daga ƙasa, inda kake bukatarsu.

Waɗannan sababbin rassan su ne zaren saƙarka. Tun suna ɗanye ake tanƙwara su, cikin Yuli da farkon Agusta, lokacin da suka kai tsawon hannu kuma ƙayarsu ba ta bushe ba. Kwantar da su a gicciye, na wannan ya shiga cikin na wancan, kamar ana kitso. Ƙayar nan mai ƙugiya ita za ta yi maka ɗaurin, inda ta ƙi ka taimaka mata da igiyar kaba. Sa riga mai kauri da safar hannu ta fata, ka kuma yi aiki da 'yar gwafa, don ƙayar magarya in ta karye a tsoka takan yi ruwa. Fara daga ƙasa-ƙasa, ka tabbata ba ramin da ya fi taƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ramin da kaza ta bi yau ɗan akuya zai faɗaɗa shi gobe.

Bazara ta uku ka yanke a ƙugu, ta huɗu a ƙirji, daga nan ka tsayar da shi tsakanin mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Wajen gyaran gefe, gindi ya fi kai faɗi, kamar an kifa kwando. In kai ya fi gindi faɗi zai yi masa inuwa, rassan ƙasa su bushe, ka koma gidan jiya. Abin da ka yanke kada ka ƙone: dabbobi su cinye ganyen, ƙayar kuma ka cusa ta a duk inda ka ga haske.

Lokacin yanka ma yana da ƙa'ida, kuma dalilinta a jikin itacen yake. Magarya a kan sabon reshen bana take yin fure, ba a kan tsohon ba. Babban yanka na bazara, bayan an gama cin 'ya'ya kuma ta zubar da ganye, shi ke kawo sabon tofon da zai yi fure. Amma wanda ke bin shingensa da adda cikin Satumba don ya ga ya miƙe sumul, furen bana yake zubarwa. Gyara kaɗan a Yuli ya isa. Daga tsakiyar Agusta a rataye adda sai wata bazarar.

Ta gefen shuka kuwa, duk shekara ko shekara biyu ka tsaga kwari mai zurfin kamu ɗaya, mita guda daga shingen, ka datse saiwoyin da ke tafiya cikin lambu satar ruwa da taki. 'Ya'yan da suka tsiro a inda ba ka so ka tumɓuke su tun suna ƙanana. Ba wasa ba ne: a arewacin Ostareliya, inda aka kai ta, ta bazu har hukuma ta sa ta cikin jerin miyagun tsirrai. A nan awaki da gatari ne ke taka mata birki.

Uwayen 'ya'ya da aure

Shingen da ake matsewa yana ba da 'ya'ya, amma ba kamar itacen da ya sake ba. Don haka duk mita huɗu ko biyar, a layin ciki, ka zaɓi dashe ɗaya mai ƙarfi ka bar masa miƙaƙƙen reshe guda ya wuce tsawon shingen ya yi laima. Waɗannan su ne rumbunka. Wadda ta fito daga ƙwallo takan fara haihuwa a shekara ta uku ko ta huɗu.

A kansu kuma ake yin aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Akwai manyan irin magarya da aka kawo daga Indiya, irin su Gola, Seb, Umran da Kaithli, waɗanda ɗansu ɗaya kan kai ƙwan zabo, ga ruwa ga garɗi. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aiki sosai wajen yaɗa su a zamanin Farfesa Dov Pasternak, su ne ake sayarwa da sunan tuffar Sahel. Ana samun reshen uwar gida, wato magaryarmu ta gida, mai kaurin fensir, a datse shi, a tsaga kansa, a feƙe ɗan reshen baƙuwar mai ido biyu ko uku kamar bakin gatari, a cusa yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo, a naɗe da zaren leda tamau, a rufa masa farar leda. Mako biyu zuwa uku idon zai buɗe in ya kama. Lokacin da itacen ke cikin tofo, ɓawonsa na ɗagowa da sauƙi, shi ne lokacinsa. Wannan ba a koyonsa a takarda, je ka zauna wuni guda wajen mai auren mangwaro. Bayan ya kama, duk tsiron da ya fito ƙasa da wurin auren ka cire shi, in ba haka ba uwar gida za ta kori amarya.

Ra'ayina, kada ka aurar da duka. 'Yar auren tana son ruwa fiye da ta gida, ɗanta ɗanye ake ci ba ya ajiyuwa, kuma ƙudan da ke sa tsutsa ya fi ƙaunarta. Ta gida kuwa ka shanya ta ta kai ka har damina.

Baƙin da shinge ke tarawa

Furen magarya ba abin sawa a gashi ba ne. Ƙanana ne, kore-kore da ɗan rawaya, a cushe a hammatar ganye, ƙanshinsu ma ba na turare ba. Amma ka tsaya kusa da shingen da hantsi a ƙarshen damina ko farkon kaka, kunnenka zai ba ka labari. Ƙudan zuma, ƙananan ƙudaje, zanzaro, malam-buɗe-littafi, kowa na kai. Mai amya ya rataye ta a wata bishiya nesa kaɗan da hanya, zai ga bambanci. Ƙudan nan kuma su ne za su bi furen kankana da kabewa da ke cikin lambun. Don haka in dole ne a yi feshi, kada a yi shi da rana lokacin fure.

Kurciya tana son ƙaya don sheƙa, saboda kyanwa da shaho ba sa iya kutsawa. Cilakowa da jemage za su zo cin 'ya'ya, fakara ta laɓe a gindi, bushiya ta fito da dare farautar ƙwari, hawainiya na tafiyarta ta ƙasaita a kan reshe. Yawancin tsuntsayen nan cikin damina zuwa kaka suke ƙyanƙyasa, wani dalili ke nan na rataye adda. Ko gyaran Yuli za ka yi, leƙa tukuna, inda ka ga sheƙa ka tsallake. Malamai kuma sukan tuna mana cewa abin da tsuntsu ko dabba ta ci daga dashen mutum sadaka ce a gare shi.

Ba zan ɓoye maka ba, ba kowane baƙo ne na arziki ba. Manomin gero zai ce ka gina wa tsuntsaye masauki, kuma yana da hujja: layukan da ke jikin shingen za su ɗan taɓu in gero ya yi ido. Abin da ke rage wannan shi ne hana shingen wuce mita biyu. A tuna kuma cewa da yawa daga cikin tsuntsayen nan da tsutsa da fara suke ciyar da 'ya'yansu. Maciji ma yana son wuri mai sanyi da ɓeraye. A ƙasar da ke da kububuwa da kasa, share tsiri mai faɗin mita guda ta kowane gefe tun kaka, kada a tara shara a gindi, kada yaro ya sa hannu inda ido bai gani ba. Wannan sharar ita ce kuma katangarka da gobarar daji. Manyan baƙi dai yaran unguwa ne. Ni na sallama musu gefen waje tun tuni, da sharaɗin tsinta ba jifa ba, kuma tun daga nan suka zama 'yan gadin na ciki.

Cututtukanta kaɗan ne. Tsutsar cikin ɗa daga wani ƙaramin ƙuda take, yana huda fata ya sa ƙwai, in ɗan ya faɗi tsutsar ta shige ƙasa ta fito sabon ƙuda. Maganinta tsinta: kullum a kwashe waɗanda suka zuba, a ba dabbobi ko a binne da zurfi, a kuma tona gindin itacen sama-sama don rana da kaji da zabi su gama da sauran. Farin gari-garin da kan hau ganye da ƙananan 'ya'ya cikin sanyi, rage cunkoson rassa yana sassauta shi, in ya yi yawa a nemi malamin gona ya faɗi awon farar wuta. Kauci kuwa tsuntsaye ne ke kawo shi. Da ka gan shi ka sare reshen taƙi biyu ƙasa da inda ya kama.

In 'ya'ya sun yi ja, shimfiɗa tabarma ko buhu a gindi, ka girgiza reshen da ƙugiya, kada ka jibge shi da sanda. Shanya su kwanaki a rana har sai sun yi ƙarar tsakuwa in an kaɗa su a ƙwarya. Wasu a kai kasuwa a auna da gwangwani, wasu a zuba a turmi a sussuka a hankali don tsokar ta rabu da ƙwallo, a tankaɗe. Garin ne mata a Nijar ke yayyafa wa ruwa, su cura, su turara, ya zama akuri. Ƙwallayen da suka rage a rariya kada a watsar. Zaɓi waɗanda taɓarya ba ta tsaga ba, ka cuɗa su da toka, ka zuba a gora ka toshe bakin, ka rataye a inuwar ɗaki sai Maris.